Daft Punk: mai rufe fuskarsa da wanda aka rufe wa tasa

Ranar 22 ga Fabrairu 2021 aka saka wani bidiyo na kusan minti 8 a YouTube. Mutum-mutumi biyu ne ke tafiya cikin hamada, ɗaya kansa ruwan azurfa, ɗaya ruwan zinare. Can sai na azurfan ya tsaya, ya tuɓe rigarsa, ya juya wa ɗan'uwansa baya. Akwai makunni a gadon bayan nasa. Na zinaren ya jima yana kallonsa kafin ya kai hannu. Na azurfan ya taka ya yi nisa, ya tsaya, ya tarwatse. Daga nan aka rubuta 1993–2021. Da haka Daft Punk, makaɗan nan biyu 'yan Faransa da ke fitowa da hulunan kwano na mutum-mutumi, suka sallami duniya bayan shekara 28, ba taron manema labarai, ba wasan bankwana, dalili ma ba su bayar ba.

A daren nan na yi ta maimaita bidiyon, domin kiɗan mutanen nan ya daɗe tare da ni, tun zamanin da ake sayen awa ɗaya a shagon intanet ana jira shafi ya buɗe. Ina cikin masu ganin cewa rufe fuskar da suka yi na daga cikin abubuwa mafi hikima da wani makaɗi ya yi a zamaninmu. Amma yadda ake ba da labarin yana damuna. Kowa hular kwanon yake yabo, kamar ita ce ta ba su 'yanci. Ni a ganina wata takarda ce da suka sa wa hannu a 1996 ta ba su, kuma mutanen da aka gina wannan kiɗa a kan guminsu, yawancinsu ba su taɓa riƙe irin takardar ba.

Thomas Bangalter da Guy-Manuel de Homem-Christo sun haɗu a 1987 a makarantar sakandare ta Carnot da ke Paris, ɗaya yana ɗan shekara 12, ɗaya 13. A 1992 suka kafa wata 'yar ƙungiya ta masu jita mai suna Darlin' tare da abokinsu Laurent Brancowitz. Wani mai sharhi a mujallar Melody Maker ta Ingila ya saurari abin da suka fitar, ya ce hayaniyar wawaye ce kawai. A cikin kalmomin zagin nan suka tsamo sunan da duniya ta san su da shi, domin "daft" a bakin mutanen Ingila gaɓo ne. Suka jingine jita, suka koma wa na'urorin kiɗa na lantarki. Wani ƙaramin kamfani na birnin Glasgow mai suna Soma ya fitar da faifansu na farko a 1994, a 1995 kuma "Da Funk" ta kama gidajen rawa na Turai. Nan manyan kamfanoni suka fara zawarci.

A daidai wannan gaɓa ne yawancin matasan makaɗa ke faɗawa rami. Yaro ya ga kuɗin da bai taɓa gani ba, a miƙo masa biro, ya sa hannu, sai bayan shekaru ya gane ya sayar da gonar da abin da za ta haifa har abada. Su waɗannan suna da wanda ya riga su barci a gida. Mahaifin Thomas, wanda aka fi sani da Daniel Vangarde, marubucin waƙoƙin disko ne kuma mai shirya su, shi ya yi wa ƙungiyoyin mawaƙa Ottawan da Gibson Brothers aiki a shekarun 1970. Ya san ciki da wajen kasuwar, ya san inda ake yanka mutum ba wuƙa. Da suka daidaita da kamfanin Virgin a 1996, samari 'yan shekara 21 da 22, ba su sayar da waƙoƙinsu ba. Sun kafa nasu kamfanin, Daft Trax, shi ke riƙe da mallakar, Virgin kuwa haya ta karɓa. Kundinsu na farko, Homework, a ɗakin kwanan Thomas aka haɗa shi, ya fito a Janairun 1997, kuma a jikinsa sun rubuta godiya ga dattijon saboda shawarwarinsa. Ba su tsaya nan ba. Sun yi ja-in-ja da SACEM, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙan Faransa kason kuɗinsu, a kan suna so su riƙe wasu haƙƙoƙin a hannunsu, har maganar ta kai gaban hukumar Tarayyar Turai, kuma kafin a rufe ta a 2002 ƙungiyar ta sassauta dokarta.

Wanda ke da gona shi ke cewa ga abin da za a shuka. Da Virgin ce ta mallake su, da wuya sashen talla ya yarda a ce samari biyu masu tashe ba za su nuna fuska a mujalla ba. Tun a shekarun 1990 suke zuwa ɗaukar hoto da abin rufe fuska na roba ko baƙar jaka a ka. Da kundi na biyu, Discovery, ya zo a 2001 sai suka fito da hulunan kwanon da aka san su da su, suka kuma haɗa musu tatsuniya: wai ranar 9 ga watan 9 na 1999, da ƙarfe 9 da minti 9, na'ura ta fashe da su a sutudiyo, suka farfaɗo sun zama mutum-mutumi. Masu harkar sun gane inda aka dosa. TR-909 sunan na'urar ganga ce ta kamfanin Roland na Japan, wadda bugunta ke ƙarƙashin kusan duk wannan nau'in kiɗa.

Abin da hular ta saya musu ba ƙarami ba ne. Mutum zai iya zama kusa da ɗayansu a jirgin ƙasa na Paris, waƙarsu na tashi a kunnensa, bai san da wa yake gogar kafaɗa ba. Sun haifi 'ya'ya, sun yi rainonsu, babu mai ɗaukar hoto a ƙofar makaranta. A kwatanta da abin da ake nema wurin mawaƙi yau. Bai isa ya yi waƙa mai daɗi ba, sai ya nuna abin da ya karya kumallo da shi, ya nuna motarsa, ya nuna matarsa, in babu rigima ya ƙirƙiro ta, domin TikTok da Instagram ba sa yafe wa wanda ya yi mako guda shiru. Na ga matasa masu baiwa da wayar hannu ta cinye ƙarfinsu, lokacin da ya kamata su yi a kan kiɗa ya tafi wurin gyara haske a fuska. Hausawa sun daɗe da tambayar ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe. Daft Punk sun riƙe wannan da gaske. Kundi 4 kacal suka yi na sutudiyo a shekara 28, sai kiɗan fim ɗin Tron: Legacy a 2010. Babban rangadi sau 2 suka yi, na 1997 da na 2006 zuwa 2007. A na biyun ne suka fito cikin wata dala ta fitilu, wadda aka fara gani a bikin Coachella na Kalifoniya a Afrilun 2006, kuma masu shirya wasanni a Amurka har yau suna lissafa wannan dare cikin abubuwan da suka sauya yadda ake nuna kiɗan lantarki a dandamali. Bayan 2007 ba su ƙara rangadi ba, alhali da sun so da an cika musu buhu.

Daren 26 ga Janairu 2014 ya fi komai nuna abin. Kundinsu na ƙarshe, Random Access Memories, da waƙarsa "Get Lucky" sun kwashe kyaututtukan Grammy 5, har da ta gwarzon kundi na shekara. Suka hau dandamali cikin fararen kaya da fararen huluna, ba su ce uffan ba. Abokan aikinsu a kundin, Pharrell Williams da Paul Williams, ne suka yi godiya a madadinsu. Duk wanda ya taɓa zuwa fada ya ga sarki da amawali, ana faɗuwa ana gaisuwa fadawa na amsawa, ya san irin kwarjinin da ke cikin rufaffen baki.

Na san abin da za a ce. Hular ma ai talla ce, kuma ta fi fuska sayuwa. Haka ne. Sun fito a tallan tufafin Gap a 2001, an yi kwalaben Coca-Cola da sunansu, an sayar da 'yan tsana masu siffarsu. Ba waliyyai ba ne da suka guje wa duniya, 'yan kasuwa ne da suka iya lissafi. Sai dai abin da suka kai kasuwa hula ce, ita kuwa hula in an dawo gida a kan cire ta a rataye. Wanda ya kai fuskarsa da gidansa da aurensa ba shi da abin da zai cire. Saboda haka wannan suka ba ta rage musu komai a wurina ba.

Sukar da ta dame ni daban ce, kuma sai an koma Shikago kafin a gane ta.

Kiɗan da ake kira hawus, wanda Daft Punk suka ginu a kansa, ba a Paris aka haife shi ba. Sunan ya samo asali daga wani gidan rawa na Shikago, Warehouse, inda Frankie Knuckles ya fara juya faifai a 1977 ga taron da akasarinsa baƙaƙen fata ne, mutanen da manyan gidajen rawa na birnin ba sa maraba da su. A Yulin 1979 dubban mutane suka taru a filin wasa na Comiskey, a wannan birnin dai, aka tarwatsa tarin faya-fayan disko, kamfanoni suka juya wa kiɗan baya. Yaran unguwa suka tsinci abin da aka zubar. Suka sayi na'urorin ganga na gwanjo, suka riƙa haɗa nasu a ɗaka. Da yawansu sun kai abin da suka haɗa ga ƙananan kamfanonin birnin, aka ba su ɗan abin da aka ba su, aka buga faifai, ya ƙetare teku ya yi kasuwa a Ingila, su ba su ga komai ba. Larry Heard, ɗaya daga cikin iyayen wannan kiɗa, sai a 2020 shi da mawaƙi Robert Owens suka maka kamfanin Trax a kotu a kan haƙƙinsu, sai a 2022 mallakar waƙoƙin ta dawo hannunsu. Waƙoƙin da aka yi tun tsakiyar shekarun 1980 ke nan. Abin da Daft Punk suka samu suna 'yan shekara 21 da 22 saboda akwai uba a gida, Larry Heard ya haura 60 kafin ya same shi.

Yabon gwani ya zama dole, mutanen nan biyu ba su ɓoye inda suka koyo ba. A cikin Homework akwai wata waƙa, "Teachers", wadda babu komai a cikinta sai jerin sunaye sama da 40, kamar almajiri yana karanto silsilar malamansa. Paul Johnson na Shikago ne farko, sai DJ Funk, sai DJ Sneak, haka har su Lil Louis, da kuma Jeff Mills na Detroit. Yara da dama a Turai daga wannan jeri suka fara neman faya-fayan Shikago. Bayan haka sun jawo wasu daga cikin malaman cikin aiki: DJ Sneak ya sa hannu a rubutun "Digital Love", Todd Edwards ya yi waƙa da su sau biyu, Romanthony kuma shi ne muryar da ke cikin "One More Time", muryar nan da aka tace da na'ura har ta koma kamar ta ƙarfe. Kunnen da ya saba da waƙoƙin finafinanmu ba zai ji ta baƙuwa ba.

To a wannan waƙar ce maganar take. Dabarar da aka gina Discovery a kai ita ce tsakure: a ɗauko tsohon faifai, a yanko daƙiƙa biyu ko uku, a daddatsa, a sake jerawa, a maimaita har ya zama wani abu sabo. Aiki ne na gwaninta, wanda ya ce sata ce kawai bai taɓa gwadawa ba. A takardar da ke cikin kundin sun ambaci faya-fayai 4 da suka tsakura, ciki har da na George Duke da na Edwin Birdsong. Ba su ambaci wanda aka tsakuro ƙahonnin da ke buɗe "One More Time" ba. Daga waƙar "More Spell on You" ta 1979 suka fito, ta wani mawaƙi mai suna Eddie Johns, haifaffen Laberiya, wanda ya je neman sa'a Paris. A 2021, 'yan watanni bayan bidiyon hamadar nan, jaridar Los Angeles Times ta gano shi. Ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ya yi shekaru ba shi da matsuguni a yankin Los Angeles, kuma ya ce ko sisi bai taɓa gani ba daga waƙar da aka yi shekara 20 ana rawa da ita a duniya. Wakilan Daft Punk sun tabbatar an yi tsakuren, sun ce kuma suna biyan kuɗin a kai a kai ga wani kamfanin Faransa da ke riƙe da mallakar faifan. Kamfanin ya ce zai nemo shi.

Ta fuskar doka ba su da laifi. Sun nemi izini, sun biya wanda takarda ta ce a biya. Amma ni ba zan iya tsayawa a nan ba, kuma dalilina shi ne su waye su. Da wasu yara ne da ba su san dawan garin ba, sai a ce rashin sani ne. Waɗannan kuwa mutane ne da suka san darajar takarda fiye da kowa a sana'arsu, suka yi faɗa da ƙungiyar ƙasarsu a kan haƙƙi, suka tsare kowane hoto nasu kamar ƙwai. Wanda ya iya wannan bin diddigi a kan nasa, bai fi ƙarfinsa ya tambayi inda kuɗin wani ke sauka ba. In ma kuɗin ya yi wuya, suna fa? Layi ɗaya a jikin kundi da ya isa wani ɗan jarida ko wani mai shirya biki ya nemi mutumin tun yana da ƙarfinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka kasuwar waƙa take tun fil azal, kuma abin baƙin ciki ne a ce mutanen da suka kuɓuta daga gardi sun miƙa masa kuɗin wani ba su waiwaya ba.

Mu ma ba baƙin wannan ba ne. An yi shekaru ana kallon finafinan Hausa, jaruma na motsa baki, gari ya haddace waƙar, ita ake nunawa a hanya, mai muryar kuwa an sallame ta a sutudiyo da kuɗin rana ɗaya. Mai fiyanon da ya tsara kiɗan ma sai wanda ya jure karanta rubutun ƙarshen fim zai ga sunansa. Su ma ba a ganin fuskarsu, kamar Daft Punk, amma babu wanda ya tambaye su ko suna so. Shi ya sa nake jin wani iri idan na ji ana ba matashin mawaƙi shawara wai ya yi koyi da Daft Punk, ya bar aikinsa ya yi magana. In bai mallaki aikin ba, ɓoye fuska sauƙaƙa wa mai cinye shi kawai zai yi. Wani lokaci fuskar nan ita ce kaɗai jarin da ya rage masa wanda ba a sa hannu an karɓe ba.

Abin da ya ƙara sa ni riƙe su da wannan magana shi ne daga baya sun nuna sun iya fito da mutum. Random Access Memories, wanda ya fito a Mayun 2013, kusan babu tsakure a cikinsa. Sun zuba kuɗinsu, sama da dala miliyan 1, suka ɗauko makaɗa na jini da tsoka: Nile Rodgers a jita, Nathan East a jitar bas, Omar Hakim da John Robinson a ganga. Giorgio Moroder, tsohon mai shirya kiɗan disko wanda ya haura 70 a lokacin, suka zaunar da shi ya ba da tarihin rayuwarsa da bakinsa, suka gina waƙa ta minti 9 a kai, suka sa sunansa a kanta. Kafin kundin ya fito an saki jerin bidiyoyi inda abokan aikin ke zaune fuska a buɗe suna bayani, masu kundin kuwa ba a gan su ba. Nile Rodgers ya dawo bakin yaran da ba a haife su ba lokacin da ƙungiyarsa ta Chic ke tashe. Wannan shi ne amfani mafi kyau da aka taɓa yi da hular: masu ita suka matsa gefe, haske ya sauka a kan wasu. Sai dai waɗanda hasken ya samu mutane ne da dama suna da suna da lauyoyi. Romanthony ya rasu a watan da kundin ya fito, yana da shekara 45. Frankie Knuckles ya bi shi a Maris 2014, wata biyu bayan daren Grammy. Paul Johnson, na farko a jerin malamai, wanda ya yi shekaru yana juya faifai daga keken guragu, korona ta ɗauke shi a Agustan 2021.

A 2023 Thomas Bangalter ya fito da fuskarsa a buɗe, da furfura a gemu, yana tallar Mythologies, kiɗan da ya rubuta wa ƙungiyar masu goge da bushe-bushe domin wata rawar gargajiyar Turai da aka fara nunawa a Bordeaux. Ya gaya wa BBC cewa su kullum ɓangaren ɗan Adam suke, ba ɓangaren na'ura ba, kuma a duniyar da ake ciki yanzu babu abin da ya fi ƙi kamar ya zama mutum-mutumi. Ya ambaci fargabarsa game da ƙirƙirarriyar basira. Na yarda da shi, na kuma girmama wanda ya iya ajiye abin da ke kawo masa kuɗi saboda ma'anarsa ta sauya a hannunsa. Na'urorin da yake tsoro dai aikinsu shi ne haɗiye muryoyi da kaɗe-kaɗen dubban mutane su fitar da sabon abu ba tare da sunan kowa ba. A kan Eddie Johns aƙalla an san faifan, an san shekarar, wani mai kunne ya iya zama ya gano daƙiƙun da aka yanko.

Har yanzu ina sa "One More Time", kuma har yanzu tana tayar mini da tsigar jiki. Abin da ya sauya shi ne daƙiƙun farko. Da can in ƙahonnin suka taso, hula biyu nake gani cikin dalar fitilu. Yanzu sutudiyo nake gani a Paris a 1979, da wani saurayi ɗan Laberiya a gaban makirfo, da masu busa a bayansa waɗanda su ko sunansu bai kai ga jarida ba.